Watannin da Hanjina Ya Yi a Waje

Assalamu alaikum. Masu turo mini saƙo kuna tambaya ko lafiya, ku yafe mini dogon shirun nan. Ina ganin saƙonninku, bakin amsawa ne ba ni da shi. Yau na ji zan iya.

Da zazzaɓi abin ya fara, lokacin ɗana Abba yana wata bakwai, yana kan nono. Na ɗauka na sauro ne. Na aika kemis aka kawo magani, ya sauka, ya dawo. Aka yi mini allurai a gida. Haka na yi ta jan jiki ina girki, har ranar da cikina ya murɗa a bakin murhu, na durƙusa na kasa miƙewa.

Maigidana direban tirela ne, yana kai shanu Kudu daga kasuwarmu ta Potiskum. Allah ya sa ranar yana gari. Shi ya ɗauke ni ya sa a keke napep.

An ɗebi jini, an yi hoton ciki. Likita ya ce masa, "Taifot ne ya huda mata hanji, ƙazanta tana zuba a cikinta. In ba a yi aiki yau ba, ba ni da abin da zan ce maka."

Filin da ya saya a Danchuwa don ya gina mana, shi ya tafi a tiyata da jini da magani.

Da na farfaɗo na shafa cikina, sai na ji leda manne a gefe. Nas ta ce hanjin ya lalace, ba zai ɗinku yanzu ba, don haka an fito da bakinsa waje. Ta nan bayan gida zai riƙa fita sai ciki ya warke. Na juya fuskata bango.

Ashe wahalar asibiti somin taɓi ce. Jinyar tana gida.

Ledar tana da tsada, kuma ba kullum ake samunta a gari ba. Tana ɓallewa ba sallama. Ruwan da ke fita ya cinye mini fata, wurin ya yi ja kamar ƙuna. Masu zuwa dubiya sai su zauna kaɗan, su ja mayafi zuwa hanci, su ce suna sauri. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina ina ƙyamar kaina.

Maigidana ya ajiye mota. Ya koyi wanke wurin da sa auduga da manna filasta. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Fika. Na ce masa, "Malam, ka bar wa Inna wannan aikin."

Ya ce, "Idon Inna ba ya gani sosai. Kwanta kawai."

Bai taɓa yamutsa fuska a gabana ba. Sau ɗaya dai na ji shi yana amai a bayan ɗaki, ya wanke baki ya dawo ya ƙarasa.

Nonona ya ƙafe tun a asibiti. Inna ta koma ba Abba madarar gwangwani da kunu. Likita ya hana ni ɗaukar abu mai nauyi saboda ɗinki. Abba ya miƙo hannu yana kuka, a kwantar da shi kusa da ni, ya fara wutsil-wutsil da ƙafa wajen ledar, a ɗauke shi.

Sai gudawa ta kama shi. Inna ta ce haƙori ne. Duk muka yarda, domin hankalin kowa yana kan cikina. Kafin mu ankara idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ba ya fita.

Maigidana da Inna suka tafi da shi asibiti, ni ina kwance a gida. An nemi jijiya a hannu da ƙafa an rasa, sai a kai aka sa masa ƙarin ruwa.

Washegari bayan azahar na ji sallamar maigidana. Ya shigo rungume da shi a cikin zanen Inna. Ya ce, "Maman Abba, sai haƙuri."

Na ce, "Ba ni shi."

Ya ce, "Ɗinkinki fa."

Na ce, "Malam, ba ni shi."

Ya ɗora mini shi a cinya. Tun da aka yi mini aiki ban riƙe shi ba sai ranar. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Bayan wasu watanni aka sake shiga da ni tiyata, aka mayar da hanjin. Yanzu ina cin abinci, ina shara, ina zuwa unguwa. Maigidana ya koma hanya. Inna har yau in mun yi waya sai ta ce, "Ni na ce haƙori ne." Ina gaya mata kwanansa ne ya ƙare, amma ba ta ji.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa likitoci da nas-nas, da maƙwabtanmu na Yindiski da suka riƙa aiko da abinci. Malam, ba ni da abin biyanka, Allah ya biya ka.

'Yan uwa, zazzaɓin da ya tafi ya dawo, a je a yi gwaji, a daina dogara da kemis. A tafasa ruwan sha, balle na haɗa madarar jariri. Yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti a ranar, ko da haƙorin ne.

In kuma kun je dubiya, kada ku tsaya a kan wanda ke kwance. Ku ce a kawo muku yaron gidan ku gan shi da idonku.

Abba, Allah ya sa kai mai cetonmu ne.