Kuɓewar Surukar Baba

Lambunmu yana can ƙasan gari, a bakin kwarin Tarka, inda rijiya ba ta da zurfi. Da sanyi kowa ɗan lambu ne a garinmu. Salati da shu, wato kabeji, da karoti da albasa kwami-kwami, har wanda bai iya jan guga ba sai ya kama wuri ya ja shinge. Amma da zarar bazara ta kama, rana ta fara gasa ƙeya tun hantsi, sai lambu ya zama maraya. Ruwan rijiya ya ja baya, salati ya yi tsiri ya yi ɗaci, tumatir ya ƙanƙance kamar magarya, maza su saɓa gatari su tafi sharar gona.

A shekarar da nake ba da labari na zo gida goyon cikin fari. Na yi nauyi, ko sunkuyo ba na iyawa, don haka aikina a lambu shi ne zama a gindin zogale ina fifita da bakin mayafi, ina sa baki a abin da ba a tambaye ni ba.

An kwashe komai a lambun, saura kwami ɗaya na kuɓewar Inna. Kuɓewa ce mai jan kara, doguwa, ba ta saurin tauri, yauƙinta kuwa sai ka ɗaga hannu sama kafin ya tsinke. Kakata ce ta ƙulla wa Inna irinta a bakin zane ranar da aka kawo ta amarya daga wajen Gangara. Kaka ta rasu, 'yan'uwan Inna duk sun koma irin leda na kasuwa, ita kaɗai ta riƙe. A damanar da ta wuce fara ta cinye wadda ta shuka, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Shi ta zuba duka a wannan kwami don ta samu iri kafin ruwa ya sauka. In kwamin ya tafi, kuɓewar Kaka ta tafi ke nan.

Baba bai taɓa zuba wa kwamin nan ko moɗa ɗaya ba, kuma yana da hujjarsa. Tun Kaka na raye ya shahara da kunyarta. In ya hango ta a hanya sai ya karya kwana, ko da kwanar za ta kai shi bayan gari. An ce wata rana ya laɓe a bayan rumbu don ta wuce, ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a gaban rumbun ta kama tsinkar zogale, yana tsugune har ƙafarsa ta mutu. To wannan kunyar ce ya mayar kan kuɓewa, yake ce mata surukarsa.

Inna na jan guga tana haki, sai ta ce, “Malam, ko bido ɗaya na ruwa ka kai mata mana, ka ga ganyenta ya langaɓe.”

Shi kuwa yana inuwa yana gyara ƙotar hauya, ya ce, “Haba ke kuwa. Ni in je in tsaya a kan surukata da bido? A gidanmu ba a koya mini rashin kunya ba.”

“Amma in an kaɗa ta a miya ba ka jin kunyar neman ƙari.”

“Wannan girmamawa ce. Suruka ta ba ka abu ka ce ka ƙoshi?”

In zai wuce ta gefen kwamin sai ya kawar da kai ya sassauta murya, kamar mai wuce zauren manya. Inna ta yi tsaki, amma ina ganin bakinta na motsi tana danne dariya. Gaskiyar magana, da asuba shi yake shiga rijiyar ya yashe yashi don ruwa ya taru mata. Wannan bai sa shi a lissafin ban ruwa ba, ya ce rijiyar yake yi wa.

Ruwan kuwa sai an jira shi. A ja guga kaɗan, a ji yana karce ƙasa, a koma inuwa a zauna har ya sake tsattsafowa. Maƙwabcinmu da ya sayi injin ban ruwa a Belbeji ya fi kowa shan wuya, don injin na zuƙe rijiyarsa kafin ya gama gyara tiyo, daga nan ya zauna yana hararsa. Haka Inna ta yi ta fama har kuɓewa ta yi fure, ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka tsaya a kai suna ƙosawa. Ba ta yarda a tsinki ko ɗaya ba. Ni da nake kwaɗayin masu ciki na roƙa, ta ce in jira jikanta ya fito ya roƙa da bakinsa.

Akwai al'adar da Baba ba ya fashinta. Duk ƙarshen lambu yakan buɗe shinge ga wani tsohon abokinsa makiyayi, Buzu, da muke ce wa Kawu. Dabbobin Kawu su cinye sauran ganye, su kwana a ciki su bar taki, kafin su yi arewa bin ruwa. Babu wanda ke biyan wani, tun iyayensu haka ake yi. Wannan karon Kawu ya iso da wuri, don an fara ganin walƙiya a gabas, iska mai ɗumi tana tashi da la'asar, shi kuma hankalinsa ya riga ya yi gaba.

Inna ta ce, “Malam, a ƙara mini kwana kaɗan. Ƙwanson bai gama bushewa ba.”

Baba ya ce, “Mutum ya tako tun daga nesa in ce ya jira kuɓewa? Bari in yi wa surukata ɗaki, ta zauna a ciki da mutuncinta.”

Ya sari ƙaya ya kewaye kwamin. Aiki ya yi mai kyau, ba zan ci amanarsa ba, ko ɗan akuya ba zai samu kafa ba. Sai dai da akuya ya auna tsayin, daidai ƙugunsa, don awaki da tumaki Kawu ya saba kawowa. Bai tambaya ba, Kawu bai faɗa ba, ashe bana da raƙuman ƙaninsa ya zo.

Da safe muka sauko. Shinge na nan daram, ko reshe bai goce ba. A cikinsa kuwa sai jajayen karare tsirara a tsaye. Wata taguwa na gurfane a gefe tana tuƙa, tana kallonmu da wannan kallon na raƙumi, kamar mu muka shigo mata gida ba sallama.

Na zaci Inna za ta yi faɗa, don ta iya. Ba ta yi ba. Ta janye ƙayar da hannu, ba ta ko kula da sukar ba, ta shiga ta tsuguna tana tonon yashi. Ɓarɓashin ƙwanso ta samu, da wasu 'yan ƙwayoyi farare da ba su ƙosa ba, in ka matsa su fashe. Ta daɗe tana kallonsu a tafin hannunta, sannan ta zubar, ta karkaɗe zane, ta kama hanyar gida. Ban taɓa jin tausayin uwata kamar ranar ba. Na ga kamar an sake yi mata rasuwar Kaka, ga shi ba ta da bakin cewa a zo a yi mata gaisuwa a kan kuɓewa.

Kawu ya zo har ƙofar gida da cuku a ƙulle a tsumma, ya ja rawaninsa har ido, ya yi ta ba da haƙuri. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta ce ai raƙumi bai san iri ba. Wannan maganar da Baba take, kuma ya ji.

Daga ranar gidanmu ya yi shiru. Miyar kuka safe da dare, ba wanda ya isa ya tanka. Baba ya je kasuwar Tarka ya sayo irin leda mai hoton kuɓewa koriya shar, ya ajiye a kan faifanta. Ta ɗauka ta saƙale a jikin azara, nan ya zauna. Kalmar suruka ba ta sake fita daga bakinsa ba, sai na gane ashe wannan tsokanar tasu ce ke riƙe da gidan. Na yi kewarta ƙwarai.

Ana haka ruwan fari ya sauka, mai ƙarfi, har kwarin ya ɗauki ruwa. Gari ya watse zuwa shukar gero, Kawu ya kaɗa dabbobinsa ya yi arewa. Lambu kuwa an bar shi a buɗe, ba mai waiwayarsa.

Bayan an gama shuka, wata safiya Baba ya ce zai je ya kwaso ƙayar shinge. Har rana ta take bai dawo ba, furarsa na jiransa. Inna ta ce in tashi in taka, an ce tafiya na sauƙaƙa haihuwa, mu je mu ga ko rijiya ya faɗa.

Daga bakin lambu muka ga takalmansa a ajiye, an jera su kamar a ƙofar ɗaki. Shi kuma yana can ciki ƙafa ba takalmi, a durƙushe, yana kafa ƙananan ƙayoyi a kewayen wani abu. Da muka matso sai muka gani. A wajen kwamin, duk inda raƙuman nan suka gurfana suka yi tuƙa, wasu 'yan tsirrai sun fito nan da can cikin taki, ganye bibbiyu, ƙafarsu ja. Ƙwanson da suka fi bushewa ne suka fashe a bakin raƙuma, iri ya zube, suka tattake shi cikin ƙasa, ruwa ya zo ya same shi. Ba su da yawa, amma kuɓewar Kaka ce, ko daga nesa ba ta ɓacewa.

Baba bai ɗago ba. Ya ƙara sunkuyar da kai wajen wani tsiro, ya sassauta murya ya ce, “Sannu da zuwa, surukata. An sha hanya. A yi mini aikin gafara, ɗakin ne na gina gajere.”

Inna ta tsuguna a gefensa, ta taɓa ganyen da bayan yatsa. Hawaye na zuba, ta sa bakin zane ta share, ta ce, “To Malam, yau ina kunyar ta tafi?”

Ya ce, “Tana nan. Ba ki ga a durƙushe nake ba?”

Duk damanar nan shi ya yi musu noma. Da hannu yake cire ciyawa, ya ce ba a kai wa manya hauya. Na haihu kuɓewa na fure, miyarta ɗanya ce ta fara shiga bakina da na samu kaina, Inna da kanta ta tsinko ba tare da jikan ya roƙa ba.

Da kaka ta yi zan koma ɗakina a Tanut, Inna ta kira ni ta kama bakin zanena ta ƙulla iri a ciki, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Ba ta yi mini wani dogon bayani ba, ta ce dai kada in zuba shi duka a wuri ɗaya kamar yadda ta yi. Mijina na tsaye a zaure yana jiran kaya. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Yaro, ka shirya cire takalmi. Daga yau suruka biyu gare ka, kuma babbar da za ka tafi da ita ba ta son gajeren shinge.”

Yau Baba ba ya duniya. Kuɓewar tana tsakar gidana, bayan madafa. Mijina ne ya yi mata shinge, ya fi tsayinsa, duk da a unguwarmu ko akuya ba ta shigowa.