Alhaji Iliya, mai rakiya har kujerar jirgi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Alhaji Iliya, mai shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or ta birnin Paris. Na so in yi masa addu'a kawai in ajiye alƙalami, amma raina a ɓace yake, kuma sai na faɗi dalili.

Ga wanda bai san shi ba: in ya ji Bahaushe zai sauka Paris, ko ɗan wane ne, sai ya rufe shago ya tafi tarba. In tafiya za ka yi, shi zai ja akwatinka cikin metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya kai ka babbar tasha ya zaunar da kai a kujerarka, ya tsaya har jirgi ya tashi. Mukan tsokane shi cewa ya fi ma'aikatan tasha zuwa aiki.

A watan jiya aka kira matarsa Hajiya Rabi, wadda ke zaune nan Lyon wajen ɗiyarta, cewa mahaifiyarta na kwance a Damagaram tana ta kiran sunanta. Ɗiyar na jego. Jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgin saman Paris kai tsaye ya cika, sai mai tsayawa cikin Paris. Ni na sa ta a ciki, amma ban bi ta ba, don gwiwoyina ba sa kai ni nesa yanzu. Na kira waɗanda Alhaji ya tarba da hannunsa lokacin da ko ƙofar metro ba su iya buɗewa ba, ko wani zai tarbe ta a Paris. Wannan yana wurin aiki, wancan yana da baƙi. Mai kirkin cikinsu ya tura mata saƙon murya: "Hajiya, c'est facile, ba wuya, ki canja a tashar Châtelet ki hau layin B."

Ta hau B. Ba wanda ya gaya mata layin yana rabuwa biyu a gaba. Ta sami kanta a wani gari da akwati biyu, ba filin jirgi ba alamarsa. Kafin a nuna mata hanya ta dawo, jirgin Yamai ya tashi. Kafin ta sami wani, an kai tsohuwa makwancinta.

Kada wani ya ce mini laifin allon tasha ne. Yau akwai jirage masu gudu, akwai taswira a kowace waya, amma an rasa mutum ɗaya da zai tsaya a tasha ya jira dattijuwa. Da Alhaji zai ga wannan, ba zai yi faɗa ba, mabuɗin shagonsa zai ɗauka. Ni ne mai faɗan, kuma ban huce ba.

Da na kira ta ta'aziyya, ta hana ni zagin yaran. Ta ce, "Malam Sani, duk zamana a ƙasar nan ban san jirgin yana rabuwa ba. Alhaji bai taɓa barina na buƙaci sani ba."

Allah Ya jiƙan Iliya, Ya jiƙan tsohuwar da ta jira.