Sahun Mainasara

A yankin Jazira na ƙasar Sudan aka haifi Mainasara, a bukkar masu tsinkar auduga, amma har ya yi furfura ba a daina ce masa Fallata ba, wato baƙo. Da ya koma unguwar Umbadda a birnin Umdurman yana walda a Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu, ma ba ta sake zani ba. Ko takarda ya je nema, sai an tambaye shi garin kakansa. Wuri ɗaya ne ba a yi masa tambayar: sahun sallah. Can kafaɗarsa kan gogi ta attajiri, ba mai matsawa.

Shi ya sa duk wanda ya ce a yi mulki da shari'a ya gama da Mainasara. Bawan Allah bai taɓa buɗe littafin siyasa ba. Shi dai a ganinsa ƙasar ce gaba ɗaya za ta zama sahu. Matarsa Rahmatu kan tsokane shi: "Malam, masu shari'ar taka sun daɗe a kujera, ko famfo ba mu gani ba." Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ba a yi ta daidai ba ne."

Abokin sahunsa shi ne Hajj Almahdi, Balarabe mai kantin kayan mota. Tare suke zuwa wa'azi tun suna da baƙin gashi. Da Mujtaba, ɗan Mainasara, ya ce yana son Hala 'yar Hajj, Rahmatu ta ce a fara tura mata su ji ta bakin gidan, kamar yadda aka saba. Mainasara ya ƙi. Ina ruwan ɗan'uwa da ɗan aike? Ya sa farar jallabiya ya tafi da ƙafarsa.

Hajj Almahdi ya zuba masa shayi, ya daɗe yana juya cokali.

"Ya zol, mutumina, wallahi kai ɗan'uwana ne fillah. Amma aure... ka san danginmu. Ma'alesh, ka yi haƙuri."

Abin ya yi wa Mainasara ciwo ƙwarai, ya ajiye shayin bai sha ba. Ana haka aka kira la'asar, suka tafi masallaci tare, don hanyar ɗaya ce. Liman ya ce a daidaita sahu. Hajj Almahdi ya matso, ya manna ƙafarsa da ta Mainasara kamar kullum.

Mainasara ya so ya janye tasa. To ya janye zuwa ina? Duk faɗin Umdurman ba shi da wani wurin tsayawa da ya fi wannan. Ya bar ta a nan, ya ɗaga hannu ya yi kabbara, Mujtaba na can gida yana jiran albishir.