Jitata a Kaset ɗin Habu Dogo

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Habu Dogo, Allah Ya jiƙansa, kuma lokaci ya yi da zan faɗi abin da kawaici ya hana ni faɗa: ba don ni ba, da Kazaure ba ta san kiɗan rege ba. Ni ne mai jita a ƙungiyarmu. In na taɓa tsirkiya, har awakin kan duwatsu sai sun dakata da kiwo.

Mu uku ne: Habu na waƙa, Sale na ganga, ni ina tsakiya da tabarau. Kaset ɗaya tal muka yi a wani situdiyo a Kano. Salon kuwa, sai a faro da rege a hankali, jita na faɗowa a bayan ganga, ba tare da ita ba. Ana tsakiya sai Habu ya ɓarke da dansihol, wato rege mai sauri, yana zuba Hausa kamar mai gwanjo a kasuwar Gwiwa, kalangu na biye da shi. Babansa ya hana shi tara gashi, sai ya riƙa cusa tsumma a hular saƙa don kansa ya yi kama da na 'yan rege. Da tsumman nasa, shi 'yan mata ke kallo. Ni ko kaza ba ta taɓa waiwayo na ba.

Bana wani ya tono kaset ɗin ya zuba a waya. Daga Babura har Achilafiya, kowane ɗan acaɓa shi yake ji. Hoton Habu ne a kai, shi kaɗai, kuma "waƙar Habu" suke cewa. Da yana raye na san dariya zai yi ta yi har hular ta faɗi. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, kishi nake da mamaci. Nakan yi istigfari, in na ji waƙar kuma abin ya dawo sabo.

A majalisarmu na ce jitar nan hannuna ne, aka yi mini ihu. Sai na ɗauki mutum biyu a mota har Roni, wurin Sale, don ya ba da shaida. Muka same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na kunna masa.

"Malam Sale, don girman Allah gaya musu, wa ke jitar nan?"

"Mai situdiyon ne."

"Kai, tsufa ya fara taɓa ka!"

"Alhaji Bala, kai fa tare da ganga kake saukowa, tim, tim, kamar mai daka. Habu ya yi ta nuna maka, ka kasa. Sai ya zare wayar jitarka, ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba."

Na kashe waƙar. Mutumin da nake wa kishi, ashe ya zauna da ni shekara da shekaru yana yaba hannuna a gaban jama'a, har ya koma ga Allah bai bari na ji kunya ba. Muryarsa tana cikin wayoyin mutane, wannan halin kuwa sai mu da muka zauna da shi.

Duk da haka na ga bai kamata in koma Kazaure haka ba, ga shaidu biyu suna danne dariya. Na gyara babbar riga na ce, "To, kaset daban. Amma a wajen biki ai ni nake tashin jama'a."

Sale ya watsa gyaɗa a baki, ya ce, "Alhaji, can ma ba a jone take ba."