Tiren Ranar Alhamis

Jiya a Kasuwar Sabon Gari na ga an jera manyan tire na silba, sai na tsaya. Shekara guda ke nan da rasuwar malaminmu na sakandare a Fagge, kuma har yau ban yi kuka ba.

Yana da irin wannan tire. Kowace Alhamis kowa yakan miƙa masa kwanon abincinsa a rufe, shi kuma ya juya mana baya ya juye duka wuri guda: ɗanwake, alala, dambu, doya. Ƙamshin manja da yaji ya cika aji. Yakan ce, "Abin da ya shiga tire ba shi da mai shi."

Wata Alhamis ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Na miƙa kwano wayam, ina kauce wa idon Rasaki, abokin zamana, domin ba ya barin abin dariya ya wuce.

Malam ya buɗe, ya kifa shi a kan tire, har ya ƙwanƙwasa gindinsa da cokali.

"Malam, me ya kawo?" in ji Rasaki.

"Wanke hannu, sarkin tambaya. Ka ci nasa, ya ci naka."

Na ci na ƙoshi, ba wanda ya sani.

Gobe zan fara koyarwa, an ba ni darasi a kan talauci da adalci. Jiyan na sayi tire ɗaya a kasuwar, na rungumo shi har gida, ba abin da nake ji sai sanyin ƙarfe.

Allah Ya rufa masa asiri ranar tsayuwa, kamar yadda ya rufa mini.