Yadda Jemimah Ta Zaunar da Farfesa a Benci

Daga unguwar Romi har unguwar Television ana ta yaɗa cewa Jemimah ta ɗaura wa wani farfesa zanen zumuntar mata, ta kulle shi a coci kwana uku yana buga musu tulun kiɗa. Ƙarya ce tsagwaronta. Awa biyu ne kacal, ƙofa a buɗe take, zanen kuma a benci aka shimfiɗa masa don kada ya ɓata wando.

Jemimah dai mai kunun gyaɗa ce, kuma magatakardar zumunta. Gajeruwa ce, amma in ta kira ɗanta a Romi, yaran Kamazou ma sai sun amsa.

Farfesa George ya zo daga jami'a ne don auna ruwan rijiyoyi, saboda gudawar da ke kwantar da yara duk shekara. Ya kira taron masu ruwa da tsaki: mai unguwa, fasto, kansila, shugaban matasa. Jemimah kunu kawai ta kai musu. Ta gama zubawa, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ranka ya daɗe, a cikin manyan nan wa ya taɓa jan guga?"

Kansila ya hau duba wayarsa. Farfesa, mutumin kirki, ya ce a kai shi wurin masu jan gugan.

Matan kuwa suka ƙi. Wasu masu bincike sun taɓa zuwa, suka ɗebi ruwa, suka ɗauki hotuna, ko ƙeyarsu ba a sake gani ba. Jemimah ta tsaya a gaban zumunta ta ce in wannan ma bai dawo da sakamako ba, a karɓe littafin magatakarda daga hannunta. Wanda ya san Jemimah ya san gara a karɓe mata tukunyar kunu.

Da haka suka yarda. Ranar taron a coci, farfesa na kan benci, mata suka zana unguwar a ƙasa da toka, kowace rijiya murfin kwalba. Farfesa ya ce zai ɗebi ruwa da rani, lokacin da mota ke iya shiga. Mama Ruth, tsohuwar ungozoma, ta yi dariya.

"Ɗana, da rani ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Sai ruwan farko ya sauka, kwata ta cika ta shiga rijiya. Ka zo lokacin, da takalmin roba."

Ya soke abin da ya rubuta. Jemimah ta ƙara da sharaɗi: su za su ɗebo ruwan, su za a fara faɗa wa sakamako, da Hausa, kuma ba za a kira sunan mai rijiya a bainar jama'a ba.

An ɗebi ruwa, sai shiru, wata huɗu. Kullum taubashinta Sylvanus sai ya tsaya shan kunu ya tambaye ta ko farfesanta ya aiko da gaisuwa. Ita dai sai ta cika masa kofi.

Wata Talata sai ga George da taɓo har gwiwa, sakamako a hannu. Rijiya bakwai ne ke da matsala. Aka bi gida gida a asirce, aka ɗaga bakinsu da siminti, aka yi musu murfi. Littafi ya zauna a hannun mai shi.

Sylvanus ya ce mata, "To, Farfesa Jemimah, yaushe za a ba ki babbar rigar nan da hula?"

Ta miƙa masa kofi, ta rage murya. "Ranar da ka koyi jan guga. Sha a hankali, da ruwan rijiyar gidanku na dama, ita ce ta farko a cikin bakwai ɗin."