Dogo a Kicin ɗin Kaltouma

Idan Kaltouma tana tafiya a bakin titi a unguwar Glenwood, hannunta na hagu a dunƙule yake, ɗan nesa da jikinta, kamar mai riƙe da igiya. Ba wanda ya taɓa lura balle ya tambaye ta. Matan Nijar da ke garin Greensboro da dambu suka san ta. Ba a suna ko walima sai an aika mata da tukunya.

Mijinta Boukari yana aiki a luzin, wato masana'antar katifa, ran Lahadi kuma yana buga ƙwallo da samarin da ya girme wa nesa ba kusa ba. 'Ya'yansu biyu, Dalila da Lamine, gasar gudu suke yi wa lakwal ɗinsu, wato makarantarsu. Gida ne da ba a zama. A kakar 2002 aka fasa musu gilashin mota a ƙofar gida, sai Boukari ya ce a samo kare. Ya kwashi yaran suka tafi gidan da ake tara karnukan da aka yasar, suka dawo da wani ja mai manyan ƙafafu. Bai cika shekara ba, amma kansa ya kai ƙirjin Lamine. An ce a wani kango aka tsince shi ɗaure, haƙarƙarinsa duk a waje. Kaltouma ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan dogon fa?" Sunan ya bi shi.

Suka yi yadda ake yi a Tahoua: kare na waje ne. Boukari ya haɗa masa ɗan akurki a bayan gida, Kaltouma ta kafa doka cewa ba zai tsallake bakin ƙofa ba. To amma yara suna lakwal, maigida yana aiki, Dogo kuwa jikinsa gudu yake nema. Sai ya yi ta kuka har maƙwabta suka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Dole ita ta ɗauki igiya. Ranar farko ya ja ta har filin shaƙatawa, hijabinta na tashi, tana haki tana zaginsa, sai ta ji kanta tana dariya ita kaɗai a titi. Rabonta da irin wannan dariyar tun tana budurwa. Maƙwabtan da ba su taɓa gaishe ta ba suka fara tsayawa suna tambayar sunansa.

A Disamba aka yi ruwan ƙanƙara, wuta ta ɗauke, rassan itatuwa suka yi ta karyewa. Da safe ta fita da kwanonsa ta same shi a takure, ƙanƙara ta daskare a gashin bakinsa, yana rawar ɗari, ko kuka ba ya yi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta buɗe ƙofar kicin.

"Shigo. Amma nan kawai, ka ji ko?"

Ya shiga ƙarƙashin tebur ya kwanta, kuma nan ya zama wurinsa.

A nan Hajiya Bebi ta same shi. Ita ce babba a cikin matan, ita ke karɓar baƙuwa, ita ke zaman jego. Ta shigo da tukunyar wani suna, ta yi turus.

"Kaltouma, jaki ne wannan ko kare?"

"Kare ne, Hajiya. Sanyi ne ya yi masa yawa."

"A inda kike turara mana dambu?"

"Ba ya kusantar tukunya. Wallahi ya fi Lamine ladabi."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ran sunan, dambun ya dawo yadda ya tafi, ko cokali ba a sa ba. Karatun mata da ke zagaya gidaje ya tsallake nata. Ba wadda ta yi mata faɗa. Suna gaishe ta a masallaci da fara'a, sai dai ba mai zuwa. Boukari ya tambayi Malam, Malam ya ce karen gadi ba laifi ba ne. Kaltouma ta ce, "Malam ne zai zo ya dafa mini ruwan wanka?" Don a lokacin cikinta ya fito.

Da bazara Hajiya ta dawo, ta tsaya a baranda, ba ta shiga ba.

"'Yata, uwarki tana Tahoua. A nan mu ne uwarki, mu ne dangin yaron nan. Ki fitar da shi mu shigo."

"Bari in mayar da shi waje, Hajiya."

"Wanda ya saba da ƙarƙashin tebur? Kin san ba za ki iya ba."

Kuma gaskiya ta faɗa. Kaltouma ta gwada, ya yi ta karce ƙofa, ta buɗe.

Boukari ya ce ita za ta yanke. Dalila ta yi ta magana da Turanci tana kuka, uwar ta ji kowace kalma. Wata Talata, bayan yara sun tafi, Kaltouma ta buɗe wa Dogo bayan mota. Ya yi tsalle ya shiga yana murna, ya ɗauka fili za su.

Ma'aikaciyar gidan karnukan ta tambaye ta ko ya ciji wani. Ta ce a'a. Ko yana ɓarna? A'a. Kaltouma ta ce mata yana tsoron tsawa, yana son ƙanzon shinkafa, kuma kada a ɗaure shi. Matar ta karɓi igiyar. Dogo ya bi ta yana kaɗa wutsiya, sai da suka kai ƙofar ciki ya ga Kaltouma ba ta biyo ba. Ya zauna a ƙasa. Matar ta ja, ya ƙi tashi, yana kallonta. Kaltouma ta juya ta fita.

A hanyar gida ta biya kantin 'yan Ghana, ta sayi citta da kanumfari da barkono na yajin jego.